Daga Ƙofa zuwa Gajimare: Tarihin Isar da Saƙo tsakanin Ma'aikatu a Ƙasar Kabi da Gwandu

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita 50 ce ko abin da ya yi kusa da haka, amma duk da wannan kusanci an yi shekaru masu yawa a ƙarni na 19 da manzo ba ya iya ɗaukar wasiƙa daga wannan gari ya kai wancan salin alin, domin kuwa iyakar yaƙi ce ta ratsa tsakaninsu. Yau kam mutum yakan ɗaga waya a Argungu ya yi magana da ɗan'uwansa a Birnin Kebbi ko ma a Makka kafin ƙiftawar ido. Saboda haka sai a ɗauka cewa matsalar isar da saƙo ta zama tarihi. Alhali kuwa duk ma'aikacin da aka yi wa ƙarin girma a wannan ofis amma ofishin albashi bai samu labari ba sai bayan wata shida, da duk manomin da aka cire kuɗi daga asusunsa ba su isa hannun mai sayar da taki ba, sun san cewa tana nan daram. Abin da ya sake shi ne masu aika saƙon. A da mutane ne ke aika wa mutane, yanzu kuwa manhajojin kwamfuta ne ke aika wa junansu, kuma sau da yawa ta hannun wani dillali da ke zaune a abin da ake kira gajimare, watau manyan rumbunan kwamfuta na haya waɗanda ake isa gare su ta intanet.

Zamanin ƙofa da jakada

Daular Kabi ta kafu ne a farkon ƙarni na 16, sa'ad da Muhammadu Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516, ya kafa birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, ta zauna nan har 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi ta fafutuka har suka tsaya a Argungu. A 1812 Shehu Usmanu ya raba ɗawainiyar mulki biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma, wadda Gwandu ta zama cibiyarta. To, daga nan ne fa matsalar ta fito fili, domin ƙasashen da ke duban Gwandu sun miƙa tun daga Nufe da Ilori a kudu har Liftako a yamma, bayan kogin Kwara. Mai wannan faɗin ƙasa in bai iya aika saƙo ya kuma sami amsa ba, sarautarsa ba ta wuce ganuwar garinsa ba.

Dabarar da aka yi ita ce ta ƙofa. Sarkin wata ƙasa ba ya aika wa Sarkin Musulmi ko Sarkin Gwandu magana kai tsaye yadda ya ga dama. Kowace ƙasa tana da wani babba a fada wanda shi ne ƙofarta: manzonta a gidansa zai sauka, shi zai karɓi wasiƙa da gaisuwa, shi zai zaɓi lokacin da ya dace ya shigar da maganar, ta hannunsa kuma amsa za ta fita. A Sakkwato, Waziri ne ƙofar manyan ƙasashe irin su Kano da Zazzau, gidansa kuma shi ne ofishin wasiƙun daula. A cikin kowace masarauta ma haka abin yake a ƙaramin sikeli, domin hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke kai da kawowa tsakaninsu da ƙauyukan da ke hannunsu.

Hikimar wannan tsari lissafi ne tsagwaronsa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne gindin maganar gaba ɗaya. A ɗauki ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi. In aka ce kowace sai ta buɗe hanyar saƙo tata ta kanta da kowace 'yar'uwarta, hanyoyi 210 za a buɗe, kuma kowace hanya tana bukatar mai kula da ita. In kuwa duka suka yarda da ƙofa ɗaya a tsakiya, hanya 21 ta isa. Har ila yau, mai aikowa ba ya bukatar ya san ko mai karɓa yana gida ko ya fita yaƙi. Ya miƙa wa ƙofa, ƙofa ta ajiye, ran da sarki ya zauna a isar.

Wasiƙun kansu da Larabci ake rubuta su, gajeru ne, a buga hatimi a samansu don a san daga inda suka fito, kuma galibinsu ba su da kwanan wata. Sau da yawa takardar shaida ce kawai cewa wannan manzo na gaskiya ne, ainihin maganar kuwa tana bakinsa. An san wannan ne domin da Turawa suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, kuma Murray Last ya yi nazarin irinsu a littafinsa na tarihin daular da ya fito a 1967.

Amma ƙofa komai kyanta sai da hanya. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa daga Argungu, Zabarmawa da Arawa da mutanen Dendi suka mara masa, hanyoyin fadamar Gulbin Rima suka zama abin tsoro. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu, wanda bai yarda sun gana ido da ido ba. Duk cinikin da aka yi na neman takardar izinin wucewa ta hannun 'yan tsakani aka yi shi, kuma Barth ya koka da abin da ya kashe kafin takardar ta fito. A nan ake ganin ɗaya fuskar ƙofa: wanda saƙo ba ya wucewa sai ta hannunsa yana iya jinkirta shi, yana iya sa masa kuɗi. Barth ya bi ta Birnin Kebbi da Zogirma ya isa Sayi a watan Yuni, ya kuma bayyana yadda yaƙin Kabi ya takura wa ƙasar. Sai a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga aka sami sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, sa'an nan yaƙi ya dawo.

Wasiƙa marar kwanan wata

Rashin kwanan wata a wasiƙa ba ya zama illa muddin manzo na nan tsaye yana iya cewa ran kaza na baro gida. Illar takan fito ne in takarda ta rabu da mai ɗaukarta. Gwamna Lugga ya bayyana cewa a watan Mayu na 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja wajen hukumar Ingila sa'ad da ya tura sojoji Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai kuma a cikin watannin nan wata wasiƙar ta iso daga Sakkwato mai sauƙin lafazi. Wace ce aka fara rubutawa? Wace wasiƙa ta Lugga kowaccensu ke amsawa? D. J. M. Muffett, wanda ya yi aikin mulki a Arewa, ya tayar da wannan tambaya a littafinsa na 1964, inda ya nuna shakka a kan lokacin wasiƙar ta farko da kuma fassararta, ga shi kuwa ba a ga asalinta na Larabci ba. Ba wanda zai ce wasiƙa ɗaya ce ta kawo Turawa, don niyyarsu ta riga ta bayyana tun shelar 1900. Amma abubuwa uku da suka rikitar da masu tarihi a kanta, watau tabbatar da mai aikowa, da sanin wanne saƙo ya riga wanne, da adana asali, su ne dai har gobe masu ƙera hanyoyin saƙo na kwamfuta ke fama da su.

Waya da fayil

Turawa sun zo da wayar tangarahu, kuma ba a daɗe ba aka ga amfaninta gare su. Ran 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka karya rundunar sojan doki, suka kashe Turawa uku. Cikin 'yan kwanaki labari ya isa Zungeru ta waya, aka tattaro sojoji, ran 10 ga Maris aka rushe garin da kisa mai muni. A sanadin wannan tarzoma aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin yana da masaniya, aka naɗa Haliru, fadar Gwandu kuma ta tabbata a Birnin Kebbi. Argungu kuwa tun 1902 Sarkin Kabi Sama ya karɓi Turawa, sai ga tsofaffin abokan gaba biyu sun zama En'e biyu a lardi ɗaya, kowace tana aika rahotonta ga Razdan a Sakkwato.

Sabbin masu mulki sun zargi jakadu da cin rabin haraji a hanya, saboda haka suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, suka soke jakadanci. Ba a jima ba masinja da tafinta suka gaje gurbin, har talakawa suka gane cewa ganin Di'o sai da yardar masinjansa. An kashe sunan ƙofa, aikinta bai mutu ba. Abin da ya zo sabo na gaske shi ne fayil da rajista. Tun da aka kafa baitulmalin En'e wajen 1911, kowace takarda sai da lamba da kwanan wata, a shigar da ita littafin fita a wannan ofis, a shigar da ita littafin shiga a wancan, mai karɓa ya sa hannu. Akawun da ya ga bauca mai lambar da ya riga ya biya ba zai sake biya ba. Wannan ƙaramar al'ada ta akawu ita ce maganin babbar cuta da za a ambata a gaba.

Sauran tarihin gajere ne. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba balle Birnin Kebbi, don haka jakar gidan waya a mota take ƙarasowa. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya, aka sami NITEL da NIPOST. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, tarho kayan manyan ofisoshi ne, kuma har zuwa 2001 da wayar salula ta shigo layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba.

Injuna masu aika wa juna saƙo

Da kwamfuta ta shiga ofisoshi, kowane sashe ya sayi manhajarsa: ta albashi dabam, ta haraji dabam, ta sito dabam, ba wadda ke jin harshen wata. Sai aka koma ɗaukar bayani a takarda daga wannan inji a sake buga shi a wancan, watau masinja ya dawo ke nan, da kurakuransa. Gwamnatin Tarayya ta yi yunƙurin haɗa nata da tsarin albashi na IPPIS a 2007, da GIFMIS a 2012, da Asusun Bai Ɗaya wanda aka tilasta a 2015, inda aka bi ta manhajar Remita wajen haɗa ma'aikatu da bankuna da Babban Banki. Bankuna kuma suna da ƙofarsu, NIBSS, wadda ta fara tura kuɗi nan take a 2011. Malaman jami'a ba sa bukatar a tuna musu cewa ƙofa ɗaya tana iya zama abin rigima: sun yi shekaru suna jayayya da IPPIS, har aka amince da fitar da manyan makarantu daga cikinsa a watan Disamba na 2023.

A Kebbi shinkafa ce ta kawo maganar har bakin gona. Ran 17 ga Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban injin shinkafa na WACOT a Argungu. A ƙaddara wani injin casa, ko wanne ne. Mota ta kawo shanshera, sikeli ya auna, mai duba danshi ya ba da daraja, sito ya karɓa, ofishin kuɗi ya lissafa, banki ya biya manomi. Manhajoji biyar ke nan, kuma in kowace za ta yi magana da kowace, hanyoyi 10 ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce kira kai tsaye: manhajar sikeli ta kira ta kuɗi ta tsaya jiran amsa. Tana da kyau in ana son amsa nan take, amma in wuta ta ɗauke a ɗaya ɓangaren, ko intanet ta yanke, saƙo ya faɗi, layin motoci kuma ya tsaya. Saboda haka aka ƙirƙiro jerin gwanon saƙo, wanda shi ne ƙofa sak. Mai aikowa ya ajiye saƙo wajen dillali ya koma aikinsa, mai karɓa in ya farfaɗo ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma dillali ba zai share saƙo ba sai an ce masa an gama da shi. Kamfanin IBM ya fitar da irin wannan, MQSeries, a 1993, bankunan duniya suka runguma. RabbitMQ ya biyo baya a 2007, kyauta ga mai iya girka shi. Amma abin da ya sauya ciniki shi ne SQS na Amazon, wanda aka buɗe wa kowa a 2006, domin daga nan ba sai ma'aikata ta sayi inji ta ɗauki mai gadinsa ba, hayar ƙofar za ta yi, ta biya gwargwadon yawan saƙonta. Microsoft na da nasa mai suna Service Bus.

Akwai kuma salon shela, irin na sanƙira a kasuwa. Sikeli ya faɗa sau ɗaya cewa buhu kaza sun shigo, duk manhajar da ta yi rajistar sha'awar wannan labari ta sami kofinta, kuma gobe in an ƙaro manhajar odita ba sai an taɓa sikeli ba. Pub/Sub na Google, na 2015, haka yake aiki. Kafka kuwa, wanda aka ƙera a kamfanin LinkedIn aka sake shi ga jama'a a 2011, ya fi kama da littafin rajista: ana rubuta saƙonni a jere, karantawa ba ta share su, kowane mai karatu yana riƙe da shafin da ya tsaya, yana kuma iya komawa baya. Ga ma'aikatar da odita zai zo wa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, sai dai kula da shi yana son gwanaye, kuma ƙaramin ofis mai saƙo ɗari biyu a yini da ya ɗauko shi ya sayi raƙumi ne don dakon kwando ɗaya.

Cutar da aka yi alkawarin ambata ita ce maimaici. A ce ofishin kuɗi ya karɓi saƙo ya biya manomi, amma kafin amsarsa ta koma wajen dillali hanya ta yanke. Dillali bai ji an gama ba, don haka zai sake miƙa saƙon. Galibin waɗannan tsare-tsare alkawarin da suke yi ke nan, cewa saƙo zai isa aƙalla sau ɗaya, ba su ce sau ɗaya tak ba. In manhajar kuɗi ba ta da wayon tsohon akawun baitulmali, ta duba lambar bauca ta ga ta riga ta biya, to za a biya sau biyu, ko a ciri kuɗin mutum sau biyu. Haka kuma saƙon soke ciniki yana iya riga saƙon cinikin isowa, kamar wasiƙun 1902, sai fa in an zaɓi jeri mai kiyaye tsari, wanda ya fi tsada ya kuma fi nawa. Wanda ya tsaya gaban mai POS a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, aka cire masa kuɗi rasit bai fito ba, ya ɗanɗani abin da ke faruwa in amsa ta ɓace a hanya.

Wa ke riƙe da ƙofar

Saura tambayar da Barth ya gamu da ita a Gwandu. Cikakkun cibiyoyin manyan kamfanonin nan uku a nahiyar Afirka a Afirka ta Kudu aka fara kafa su: Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Ma'anar wannan ita ce saƙon da sikeli ya aika wa ofishin kuɗi, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu a Argungu, yana iya bi ta Legas ya shiga ƙarƙashin teku ya kai Kef Tawun ko Turai kafin ya dawo. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da intanet ta rikice a Nijeriya kwana da kwanaki. A watan Satumba na 2021 kuma hukuma ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda 'yan bindiga. Gajimare bai san da wannan ba, shi dai yana jiran saƙo. Don haka ma'aikatar da ke wannan yanki, ko wane dillali ta zaɓa, tana bukatar ƙaramin jeri nata na cikin gida wanda zai riƙe saƙonni har hanya ta buɗe, kamar yadda manzo kan kwana a ribaɗin Ambursa in an ce Kabawa na kan hanya.

Ga kuma kuɗin haya, wanda asalin farashinsa da dala ake yanka shi, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 wadda ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, abin da ya shafi duk saƙon da ke ɗauke da suna da lambar BVN ta manomi ko ta ma'aikaci. Gwamnatin Tarayya tana da nata kamfanin, Galaxy Backbone, da aka kafa a 2006 don ɗaukar irin wannan nauyi ga ma'aikatu. Ma'aikatar da ta gina manhajojinta a kan ƙa'ida buɗaɗɗiya irin AMQP, wadda RabbitMQ da Service Bus duka ke ji, tana da sauƙin sauya ƙofa in ta yi tsada. Wadda ta ɗinke kanta da salon kamfani ɗaya kuwa sai ta sake gini.

Akwai wani abu da ba a cika sa shi cikin takardar kwangila ba. Dillalin saƙo ba ma'ajiyar tarihi ba ne. SQS yakan riƙe saƙo kwana 4 in ba a ce masa komai ba, iyakarsa kuma kwana 14, daga nan ya share, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Wasiƙun gidan Waziri Buhari sun kai shekara 120 da ɗoriya ana karanta su, fayilolin Lardin Sakkwato kuma suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda ɗalibi zai iya bin diddigin harajin gundumar Argungu shekara bayan shekara. Saƙon da ya umurci a biya albashin malamin firamare a Birnin Kebbi a watan jiya, in ba a sa wata manhaja ta musamman ta kwafe shi ta adana ba, ya riga ya shafe tun kafin odita ya buɗe fayil.